Ƙofa A Buɗe Take, Ni Na Zauna Jiran Izini

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatun wannan shafi. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na iya rubuto ta, kuma ina roƙon a sakaya sunana. A lokacin da abin ya faru ni direban gida ne a unguwar Ain Khaled da ke Doha, mutumin Gusau, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku a gida. Na daɗe a Katar har 'yan'uwanmu Hausawa suna ce mini tsohon hannu. Duk wanda ya sauka sabo, wurina ake turo shi in gaya masa abin da ake yi da wanda ba a yi. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan girma, har na kai ga ganin babu abin da wani zai koya mini game da zaman ƙasar.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda nake kira Yaya. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe ni. Shi ya fara ɗora hannuna a kan sitiyari a wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da yake ja zuwa kasuwannin ƙauye, yana zaune a gefena da carbi, ba ya tsawa, in na yi kuskure sai dai ya yi gyaran murya. Shi ya nema mini aure, kuma da na tashi tafiya a hannunsa na bar iyalina. Mutum ne da ba ya faɗin ciwonsa. Ko zazzaɓi ya kwantar da shi, in ka tambaya sai ya ce gajiya ce.

Sa'ad da na zo ƙasar nan, doka ita ce ma'aikaci ba ya fita sai kafil ɗinsa, wato mai gidan da ya kawo shi, ya ba shi izinin fita, abin da muke kira huruj. Da idona na ga aikin wannan doka. Na taɓa raka wani ɗan Zariya filin jirgi, matarsa ta haihu da ƙyar, ya shiga da jakarsa muna ɗaga masa hannu, ba a jima ba sai ga shi ya fito yana share hawaye, an maido shi don babu huruj. Wannan hoton ya zauna mini a kai. Daga baya na riƙa jin ana cewa an sassauta dokokin ma'aikata, amma nakan ce wannan ta 'yan kamfani ce, mu masu aikin gida ba mu ciki. Har mai gidana ya kira ni wata rana ya miƙo mini fasfona, ya ce yanzu hukuma ta ce kowa ya riƙe nasa. Na karɓa na jefa cikin akwati, ban ko tambayi me kuma ya canja ba.

Wata shekara da zafi ya tsananta, mai gidana, dattijo da muke kira Baba, aka fita da shi ƙasar waje don yi masa aikin zuciya. Iyalin duka suka bi shi, aka bar ni da mai dafa abinci muna tsaron gida. Ina wanke mota da hantsi sai matar Yaya ta kira ni, abin da ba ta saba ba. Ta ce ta fito waje ne don kada Yaya ya ji ta. Ƙodarsa ce ta lalace, an fara yi masa wankin ƙoda, ƙafafunsa sun kumbura, kuma ya hana kowa ya gaya mini. Ta ce ita dai ba za ta ce mini komai ba, amma in da hali in zo in gan shi. Na san mutanenmu. In mace ta yi wa ƙanen mijinta irin wannan magana, to abin ya wuce yadda ta faɗa.

Kuɗin jirgi ba su ne matsalata ba, fasfo kuma yana cikin akwatina. Abin da na sa wa raina shi ne babu huruj, kuma mai ba da shi yana kwance a asibiti a wata ƙasa. Na ji nauyin in kira marar lafiya da tawa damuwar, sai na aika wa babban ɗansa saƙo cewa ɗan'uwana ba shi da lafiya, ina son zuwa gida. Ban ce rai a hannun Allah yake ba, kunya ta sa na sassauta maganar. Ya amsa da cewa Allah ya ba shi lafiya, in sun dawo za a duba. Na ɗauki wannan a matsayin an hana ni. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na haɗu da wani abokina ɗan Zangon Kumasi, magidanci ne mai gadin wani dogon bene a West Bay. Da na ba shi labari sai ya kama hannuna, ya ce da Hausarsu ta Zango, ai an soke huruj tun tuni, har ga direbobi da masu aikin gida, abin da ake so kawai ka sanar da mai gidanka 'yan kwanaki kafin ka tashi, kuma ai ka sanar. Ya ce in zo mu je a bincika a gabana. Na zare hannuna. Na ce masa shekarunsa nawa a ƙasar da zai koya mini doka, ni da na ga an maido mutum daga bakin jirgi. Sai ya ce Allah ya sa kada in yi da-na-sani.

Haka na zauna a gidan da babu kowa, ina tayar da motoci kowace safiya don kada batir ya mutu, ina ba shuke-shuke ruwa. Kullum ina kiran Yaya. Da ya gane na sani, sai ya yi dariya ya ce mata ba sa riƙe magana, in yi zamana, aikin da ke ciyar da gida biyu ba a wasa da shi. Muryarsa tana raguwa ina ji, har ya zama ni ke magana shi yana amsawa da to. Kiranmu na ƙarshe ya tambaye ni ko har yanzu ina taka birki da ƙarfi kamar da. Na ce na daina. Ya ce madalla. Bayan kwana biyu, ana kiran la'asar, ƙanen matarsa ya kira ni ya ce sai haƙuri. Kafin magariba an kai shi makwancinsa, ni kuma ina zaune a kan dakalin gareji da mukullan mota a hannu.

Da Baba ya dawo, ya ji sauƙi, na shiga majalisinsa, wato ɗakin da yake karɓar baƙi, na gaishe shi, na gaya masa rasuwar. Ya yi salati, ya tambayi yadda jana'iza ta kasance. Na ce ban je ba, ina jiran ya dawo ya ba ni huruj. Dattijon nan ya dube ni ya ce, "Wane huruj? Wa ya hana ka tafiya?" Ya kira ɗansa ya yi masa faɗa a gabana, ɗan ya rantse bai san abin ya kai haka ba, ya zaci hutu nake nema. Gaskiya ya faɗa. Ni ne ban faɗi abin yadda yake ba.

A makon nan na tafi. A filin jirgi na tsaya a layi ina jiran a tambaye ni takarda. Aka duba fasfona, aka dubi fuskata, ƙofa ta buɗe, shi ke nan. Ba wanda ya ce mini uffan. Na samu kujera a can ciki na zauna, na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. A Gusau matar Yaya ba ta zarge ni ba ko da kalma ɗaya. Ta dai ce mini a kwanakinsa na ƙarshe, duk sa'ad da ya ji mota ta tsaya a ƙofar gida, sai ya yunƙura ya ce a duba ko wane ne.

Na san ajali ba ya jira, zuwana ba zai ƙara masa ko numfashi ɗaya ba. Amma da na riƙe hannunsa, da na nemi gafararsa baki da baki, da ina cikin masu ɗaukar makararsa. Abin da ya raba ni da wannan ba hukuma ba ce, ba kafil ba ne. Tsoron da na kwaso tun shekarun baya ne, da girman kan da ya hana ni sauraren wanda ya gaya mini gaskiya. Na je har wurin aikin abokin nan nawa na ba shi haƙuri, ya rungume ni bai ce ai na gaya maka ba.

'Yan'uwana da ke aiki a ƙasashen waje, dokokin zama da na fita suna canjawa, wani lokaci su yi sauƙi, wani lokaci su tsananta, kuma ba wanda zai biyo ka ɗaki ya sanar da kai. Abin da ka sani shekarun baya ba lalle ne shi ke aiki yau ba. Kada ka dogara da maganar tsohon hannu irina, je ka inda ya dace ka tambaya da bakinka. In kuma larura ta same ka, faɗe ta yadda take, kada kunya ta sa ka rage mata nauyi. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Yayana a addu'a. Ya jira ni, ban zo ba.