Ƙofar da Ba Ta Jiran Ɗan Rakiya

Har gobe ban manta da ranar da muka tafi da Malam Garba tafiyar da bai yi niyya ba. A daminar farko ne bayan mun karɓi sabon jirgin ƙasa. Lokacin ina mai kula da tarago, wato mu ne muke tsayawa bakin ƙofa mu duba tikiti, mu nuna wa kowa kujerarsa. A samanmu akwai shugaban jirgi, Alhaji Bature, mutumin Faskari. Direba kuwa yana can gaba, muryarsa kawai muke ji ta oba-oba.

Ku sababbin ma'aikata da kuka zo kuka tarar da sabon jirgi, kun sha a sanyaye. Tsohon jirgi ɗan'uwa ne. Ƙofa a buɗe, taga a buɗe, yana tafiya kana cinikin rake. In ya tashi ka tsaya sallama, kana iya binsa da sassarfa ka ɗare, in kuma rakiya ka yi, ka bari sai ya fara motsi ka diro kana dariya.

Wannan kuwa ba ruwansa da kowa. Gabansa a tsuke yake kamar kan kifi don ya keta iska. Tagoginsa a like suke, na'ura ce take ba da sanyi. Tsakanin tarago da tarago a rufe yake, ka ratsa ba ka ga ƙasa ba. Gudu yake yi na fitar hankali, amma ka ajiye shayi a teburin gabanka ko rawa ba zai yi ba. Babban abin shi ne ƙofa. In lokaci ya yi za ta yi ƙara, direba ya danna abu ɗaya, duk ƙofofin su rufe tare su kulle. Muddin ƙafar jirgi tana juyawa, ni da nake tsaye a wurin ba ni da ikon buɗe ta. Waɗanda suka ƙera shi sun yi tunanin komai, har wurin keken guragu. Rakiyar Bahaushe ce kaɗai ba su yi tunani ba.

Ran nan ina bakin ƙofa sai ga wani saurayi da tikitinsa, bayansa wani dattijo riƙe da jaka, shi ne Malam Garba. Daga sallamarsa na ji harshen gida, don ni ɗan Sabuwa ne.

"Baba, ina tikitinka?"

"Ni ba tahiya ni ke ba, ɗana. Sani za ni zamnarwa, in yi mishi addu'a in hito."

Na tambaye shi gari, ya ce Damari. Na ce masa jirgi ya kusa tashi. Ya ce, "Haba, yanzun nan." A lokacin dokar hana 'yan rakiya shiga ba ta fito ba, an bar wa kowa ya yi da hankalinsa. Dattijo mai furfura, ɗan gida, ya ce zai yi wa ɗansa addu'a, da wane bakin za ka hana shi? Na matsa ya wuce.

Ƙofa ta yi ƙara. Na leƙa na hango shi ya dafa kan Sani yana addu'a. Na ɗaga murya na kira shi. Sai ya ɗaga mini hannu, wai in dakata ya shafa. Ya shafa ɗin kuwa, ya taho a hankali yana gyara babbar riga, ya iso ya tarar da ƙofa a rufe, dandamalin tasha yana ja da baya.

"To, buɗe in dira."

"Baba, ba ta buɗuwa."

Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Ya tura da hannu, ya tura da kafaɗa. Da ya ga ginin tasha ya ɓace, sai dariyar ta ɗauke. Ya kama hannuna ya ce, "Hajara na bisa benci. Matata. Ba ta gani sosai, ba ta da waya, ba ta san kowa ba garin nan. Ce mata na yi ta jira ni nan ina zuwa."

Kusa da kowace ƙofa akwai jan hannu a cikin akwatin gilashi, na birkin gaggawa. Wani fasinja mai neman lada ya nuna masa. Malam Garba ya miƙa hannu, na shiga tsakani. Ka'ida ita ce ba a taɓa shi sai in rai na cikin haɗari, kamar gobara. Jirgi mai wannan gudu ba ya tsayawa nan take, sai ya yi nisa yana jan birki, masu tsaye su zube. Ko ya tsaya, cikin daji zai tsaya, layi a killace, ba hanyar komawa. Na yi masa wannan bayani duk, yana kallon bakina kamar ba Hausa nake yi ba.

"Kai ɗan Sabuwa ne," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Ka san abin da ke hwaruwa wajenmu. Yayan Sani, haka na ce mishi a gona, jira ni nan in ɗauko taki. Na dawo na iske takalminshi, 'yan bindiga sun tahi da shi. Har yau. Kada ka sa in sake hwaɗin wannan magana ta zama ƙarya."

Wallahi hannuna kansa ya so jan abin nan. Amma na tsaya inda nake, na kira Alhaji Bature ta oba-oba. Ya zo ya saurara, bai yi faɗa ba. Ya kira shugaban tashar da muka baro, ya ba shi kamannin tsohuwa: lulluɓi shuɗi, benci na kusa da famfo. Muka tsaya jiran amsa. Sani ya taso ya tsaya gefen mahaifinsa.

Can oba-oba ta yi magana. An sami tsohuwar. Sai dai an yi juyin duniya ta shiga ofis ta huta, ta ƙi. Ta ce maigidanta ya ce ta jira shi a nan, kuma a nan zai same ta. Alhaji Bature ya ce, "To, ku ƙyale ta. Ku sa mace ta zamna da ita, a ba ta ruwa da abinci." Ya miƙa wa Malam Garba oba-oba. Dattijon ya riƙe da hannu biyu ya ce, "Hajara, ni ne. Ina zuwa."

Ranar ni ke da aikin jirgin dawowa, don haka tare muka juyo bayan la'asar. Na ba shi kujera ya ƙi zama. A bakin ƙofa ya tsaya tun daga can, yana kallon allon da yake nuna gudun jirgi. Da safe wannan gudu ne ya tsine wa. Yanzu kuwa sai ya juyo ya ce mini, "Iyakarshi ke nan? Ba ya hin haka?"

Ƙofa na buɗewa ya fita. Tana nan kan bencin, ko matsawa ba ta yi ba. Ta ɗago kai da ta ji tafiyarsa.

"Ka daɗe, Malam."

"Na dai dawo," in ji shi. Ya zauna gefenta, ya rufe fuska da hannun riga.

Bayan wannan ne Alhaji Bature ya kai magana sama, aka hana mai rakiya wuce bakin ƙofa. Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba taurin kai suke yi ba. A wajenmu wanda ya rako ka ya juya tun kana tsaye, bai rako ka ba. Ƙofa kuwa ba ta san wannan ba, kuma ba za ta koya ba. Saboda haka aikin naku ne. Ku buɗe baki da wuri ku ce, "Baba, a yi addu'ar a nan," ku ɗaga hannu a shafa da ku. Kada kunyar furfura ta hana ku tare hanya, don ba ku san wa ya bari a kan benci ba.