Zaƙamin Garkar Tasalla

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da Inna Tasalla, dangar kara kaɗai ta raba mu, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Funtua in ka baro Malumfashi. Doguwar mace ce marar yawan magana, hannunta kuwa akwai daɗi. Duk wanda zai yi gayya, wato ya tara maza su taya shi noma, ita yake kai wa gero da tsamiya ta dama kunun manoma. 'Ya'yanta biyu sun rasu tun suna goye, ba ta da ko akuya, amma babu gidan da bai sha daga hannunta ba, kuma da wannan take taƙama. Mijinta Maitama shi ne sarkin noma, mutum mai ji da kansa, ko ƙaya ya taka ba zai yarda ya ɗingisa a gaban mutane ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai game da ita. A garkarta ta bayan ɗaki, tsakanin kuɓewa da yakuwa, akwai gindin zaƙami uku. Zaƙami dai tsiron juji ne mai farin fure da 'ya'ya masu ƙaya, wanda ya ci ƙwayarsa sai ya zauce, in da ƙarar kwana ya wuce. Kowace mace in ta gan shi a garka tumɓuke shi take yi. Tasalla sai ta nome kewayensa tas ta bar shi tsaye.

"Inna, wanga mugun abu fa?" na tambaye ta wata rana.

"Bar shi, Rabi. Bai tare miki hanya ba."

Ni kuwa Allah ya yi ni da ido. Ta ɓular danga na ga tana shanya ganyen a faifai, ta murje shi, ta gauraya da taba, ta cika wa Maitama lofensa. Nan take na yanke cewa asirin mallaka ne. Ban faɗa wa kowa ba sai Hansai a bakin rijiya, ita kuwa faɗa mata da yin shela a kasuwa duk ɗaya ne.

Daminar 1964 Malam Abdussamad ya kira gayya a gonarsa ta auduga. Ni na taya Tasalla kai kunun. Muka ajiye ƙoren a gindin ɗorawa, muka koma gida ɗauko tuwo. Kafin azahar maza huɗu sun yar da fartanya. Idanunsu sun firfito, baki ya bushe, suna kama abin da babu a iska, ɗaya har ya tuɓe yana gardama da kututture. A kan jakuna aka fitar da su bakin hanya, motar kaya ta kai su asibiti a Malumfashi. Duk sun tashi, amma ma'aikacin asibitin ya ce zaƙami suka sha.

Zaƙami yana kan kowane juji a ƙauyen. Ƙoren sun daɗe a gindin ɗorawa ba mai tsaro, kuma kowa ya san akwai samarin da ke jefa ƙwayar a kunu wai don a yi aiki ba gajiya. Amma mutum ɗaya ce ke renon abin a garkarta, kuma labarin lofe ya riga ya gama gari.

Mai unguwa ya tara mutane a ƙofar gidansa. Tasalla ta durƙusa gefe, Maitama yana zaune cikin dattawa.

"Tasalla, ke kika sa?"

"Ranka ya daɗe, ban sa ba."

"To mi kike da zaƙami a garka?"

Ta ɗago ta dubi mijinta. Na ga wannan duban da idona. Maitama ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Ita ma sai ta mai da kai ƙasa. Shirun nan ya fi amsa laifi muni. Aka ce tunda ba shaida ba za a kai ta gaban alƙali ba, amma ta cire abin a ranar. Da hannunta ta tumɓuke su, ta ƙone a bainar jama'a.

Daga ranar ba wanda ya sake kai mata gero. In ta aika da tuwo gidan suna, sai a yi godiya a tura kwanon ƙarƙashin gado. Ko bayan gari ta nufa, ido na bin ta a ga ko za ta sunkuya kusa da juji.

Da aka fara cirar auduga, ƙurar kaɗa ta cika gidaje, sai na soma jin wani sauti da sassafe ta bayan danga, kamar ana busa tsagaggen kara. Numfashin Maitama ne. Na leƙa, na gan shi dafe da turmi, ƙirji na sama da ƙasa, Tasalla na yi masa fifita. A nan na gane. Ciwon toshewar numfashi ne da shi shekara da shekaru, hayaƙin ganyen nan ke buɗe masa ƙirji, kuma sarkin noma ya gwammace a ce matarsa mai guba ce da a ce ba ya iya kai ƙarshen kunya a gona. Raina ya ɓaci da shi, ya fi ɓaci da bakina. Sau biyu na yi niyyar tsinko mata ganyen a juji, tsoron a gan ni ya hana ni.

Maitama bai ga kasuwar auduga ta wannan shekarar ba.

Ranar sadakar bakwai Tasalla ta tashi ta yi waina da kunu, irin wanda ta saba, mai yawa. Malamai suka yi addu'a, suka shafa, suka tashi ƙwarya na cike. Da hantsi ta miƙo mini kwano ta saman danga.

"Rabi, ke dai kin san hannuna."

Na karɓa, na yi mata gaisuwa. Na san dalilin zaƙamin, na san bakina ne ya ja mata. Duk da haka da na zauna da kwanon, sai wata zuciya ta ce, to kunun gonar fa, wa ya gani? Na gutsuri waina na jefa wa kaza, na tsaya ina kallo ko za ta yi tangaɗi.

Kazar ta cinye ta ci gaba da tononta. Na ɗaga kai, Tasalla tana nan tsaye a bakin danga, ashe ba ta tafi ba. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi kuka ba.

"In kin gama ki miƙo mini kwanon," ta ce.

Ta yi shekara tara bayan nan, ba ta sake dafa abin da ya wuce cikin mutum ɗaya ba.