Idon Baba Kemis

Shekara talatin da ɗaya Baba Kemis ya yi a shagonsa mai kanta uku da ɗan firji guda, kuma abin taƙamarsa a duniya ɗaya ne: bai taɓa sayar wa ɗan Adam maganin da wa'adinsa ya wuce ba. Ba shi da mota, ba shi da tumbi, amma wannan magana ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya san yadda ya cusa ta.

Wanda ya fi shan wuyarsa shi ne Dogo, direban da ke kawo masa kaya daga babban dila duk Talata. A sauran shaguna hannu kawai ake sa masa ya wuce. A nan kuwa sai an farke kowane katan, Baba ya gyara tabarau, ya kai kwali bakin hanci, ya yi ta gyaɗa kai kamar alƙali. Abin haushin, bai taɓa kuskure ba. Duk ranar da maigidan Dogo ya cusa masu gajeren kwana a tsakiyar katan, Baba zai ture shi da ƙafa ya ce, "Wannan ya koma gidan ubansa."

Wata Talata ana tsakiyar wannan shari'a, Baba ya kori katan ɗaya, ya karɓi na biyu ya tura ƙarƙashin kanta. Yana kan na uku Dogo ya lura kwalin maganin tarin a juye yake a hannunsa.

"Baba, a kife kake karatu?"

Tsohon ya leƙa titi, ya dawo ya rage murya. "Rufa min asiri, ɗan nan. Shekara huɗu ke nan kwanan watan nan ya zame min tururuwa. In 'ya'yana suka ji, gobe za su garƙame shagon su shimfiɗa min tabarma."

"To da me kake ganewa?"

"Da kai mana. Ranar da kaya suke lafiya, gaisuwa ma da ƙyar kake yi. Ranar da akwai mugunta, sai ka tambayi gwiwata, ka tambayi jikokina, har akuyata ka taɓa cewa in gaisar. Kuma katan ɗin da kake tsayawa ka tare da ƙafa, shi ne ɓarawon."

Dogo ya so ya yi dariya, amma kunya ta riga ta. Katan biyu maigidansa ya cusa yau, ƙafarsa kuwa guda ta tare. Ɗayan yana ƙarƙashin kanta, saura mako uku maganin da ke cikinsa ya mutu. Motarsa na bakin ƙofa, Baba ya riga ya ɗauko biro zai sa hannu.

Ya durƙusa ya jawo katan ɗin. "Har da wannan, Baba."

Baba ya kalli katan ɗin, ya ajiye biron.

"Ashe ka fara ƙwarewa," in ji shi. Ya tura masa benci. "Zauna ka karanta min sauran. Da ƙarfi, kunnen ma ya soma."