Mako Guda Inda Ba Mu da Kowa

Shekarar da 'yar autarmu ta tafi jami'a, gidanmu na unguwar Morrisania, nan ƙasar waje, ya yi wani irin shiru da ban taɓa sani ba. In dawo daga asibitin da nake aikin jinya, maigidana ya dawo daga shagonsa na Harlem, mu ci abinci, ya kunna labarai a wayarsa, ni ma in kama tawa. In mun yi magana to a kan wani ne: wane ya rasu, wance ta haihu, yarinya ta bugo ko ba ta bugo ba. Ba faɗa muke ba. Da ma faɗan ne, da na san ta inda zan ɓullo masa.

Wata abokiyar aikina ce ta kunno mini wutar. Ta dawo hutu daga Faransa, daga wani yanki da ake kira Dordogne, ta riƙa tura mini hotuna a fuska lokacin cin abinci. Ƙauyuka ne na dutse a bakin kogi, da kwale-kwale, da kasuwar safe, da wani kogo wanda mutanen zamanin dā suka zana shanu a bangonsa. Na tambaye ta wa take da shi a can. Ta ce ba ta da kowa, ita da mijinta ne kawai. Tun daga ranar maganar ta tsaya mini a rai. Ina son mako guda ni da mutumin nan, a inda babu wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa, in ga ko akwai sauran hira a tsakaninmu.

Ni Bakanuwa ce, shi kuwa mutumin Nijar ne, Faransanci a bakinsa yake. Da wannan na fara lallaɓa shi, na ce shi zai zama bakina a can.

“Hajiya,” ya ce, “ni da na baro ƙauye na taho nan, yanzu ki ce in hau jirgi in tahi kallon ƙauyen wani? Mi za mu yi can?”

“Kallo, Alhaji.”

“Kallon mi?”

Na nuna masa kogin. Ya duba, ya ce to ruwa ne. Amma bai ce a'a ba, kuma wanda ya zauna da shi ya san rashin a'arsa shi ne e ɗinsa.

Daga nan zama ya gagare ni. A jirgin ƙasa ina kan waya, ina auna daga wannan ƙauye zuwa wancan, har na wuce tashata ba sau ɗaya ba. Yau in ce mu kwana bakin kogi, gobe in ce a'a sauro, jibi in tuna ban ma san ko suna da sauro ba. Na damu da abinci, don na ga mutanen ba su da aiki sai agwagwa da naman da ba ma ci, sai na ƙudura kifi da ƙwai da burodi za su riƙe mu, in ɗauki yajina. Na nemi gidan da ke da murhu. Na nemi motar haya mai canja giya da kanta, don gwiwar Alhaji ba ta son takawa da sakewa. Miya ta ƙone a kan wuta ina neman ranar da kasuwar wani gari ke ci. A ƙarshe dai na shirya makon tsaf, kowace rana da inda za ta same mu, na ajiye kogon nan mai shanu a tsakiya don shi ya fi ja na.

Abu ɗaya na roƙe shi, kada ya faɗa wa kowa sai mun dawo. Ya dube ni kamar na ce ya fita ba hula. Ya ce ana tafiya ba sallama? In wani abu ya same mu a hanya fa? Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya yi sallamarsa, kafin la'asar duk Harlem ta ji muna da tafiya Faransa.

Wanda ya san mutanenmu ya san abin da ya biyo baya. Ashe babu ɗan Nijar a garin nan da ba shi da wani a Faransa. Saƙo ya fara shigowa. Wannan takalmin yara, wancan turare, wata ta aiko da man shafawa kwalba-kwalba kamar can ba a shafa mai. Wata dattijuwa daga unguwar Soundview ta hau bas da kanta ta kawo ƙullin kayan jarirai, ta zauna a falona ta sha shayi, sannan ta tambaye ni wa gare mu a ƙauyen da za mu.

“Ba mu da kowa, Inna.”

“Biki ne?”

“A'a.”

“Rasuwa aka yi?”

“Kallo kawai za mu je.”

Ta ajiye kofin ta yi mini kallon tausayi, ta ce Allah ya sawwaƙe.

Saƙon bai dame ni ba kamar abin da ke maƙale da shi. Saƙo ba a jefa shi a ƙofa a wuce, sai an shiga an gaisa an ci abinci. Masu saƙon kuwa ba a Paris kaɗai suke ba, inda jirginmu zai sauka. Alhaji ya dawo wata rana ya ce matar ɗan baffansa ta haihu a Lyon, ba zai yiwu mu shiga ƙasar ba mu yi barka ba. Na goge kwale-kwale, har da ranar kogon. Ya sake dawowa ya ce wani amininsa a Marseille ya yi rashin uwa, ta'aziyya ta kama mu. Na goge kasuwa. Kullum ina gogewa ina matse abin da ya rage, kamar mai yanka riga a ƙyallen da bai isa ba. Na buga wa 'yata ina huci, ta saurare ni da Hausa ta ba ni amsa da Turanci, wai in ce musu a'a kawai. Yarinyar da aka haifa a nan, ina za ta san nauyin kalmar nan?

Duk wannan lokacin mutane nake zargi. Shi kuwa tausayinsa ma nake ji, ina cewa bawan Allah kunya ta hana shi ƙin kowa.

Wata Asabar da rana na biya shagon in kai masa abinci. Yana can ciki bayan tulin shadda, shi da wani mai sayar da agogo a bakin titi, ba su ga shigowata ba. Da kunnena na ji shi yana cewa, “Kai ba ƙanenka na Toulouse ba? Ba ka da colis, ɗan saƙo, da za ka ba shi? Kawo mana, muna biyawa, ba wata wahala.”

Mutumin ma cewa yake a bari, ba komai, Alhaji na matsa masa. Na tsaya da kwano a hannu har mai agogo ya lura da ni, ya gaishe ni a gurguje ya sulale.

“Alhaji, ashe kai ke bin su kana roƙo?”

Ya hau gyara shaddar da ba ta karkace ba.

“In ba ka son tafiyar ka faɗa mini. In ni ce ba ka son zama da ni, wannan ma ka faɗa, ba yarinya ba ce ni.”

“Subhanallahi, Hajiya, ba haka ba ne.”

“To yaya ne?”

Ya saki shaddar. Da ya buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa ya yi, bai kuma dube ni ba.

“Sati guda, ni da ke, ba shago, ba ɗiya, ba baƙo. Sahe da marece. Mi zan ce miki? Tsoro nike ki zauna ki dube ni ki ga ba komi wurina.”

Na zo da faɗa cike da bakina, sai na rasa inda zan sa shi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ciwon har da na gane tsoron da ya faɗa shi ne ya hana ni zama duk makonnin nan. Ni na cika makon da ƙauyuka, shi ya cika shi da mutane. Na ajiye masa kwanon na fita, na yi ta tafiya a ƙasa har na wuce tashar jirgi ban sani ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa shirin ba. Kayan mutane na jibge a falo muna zagaye su. Na yi niyyar fasawa, in ce masa ya tafi shi kaɗai ya raba saƙonsa ya dawo. Har na buɗe waya wata safiya don in soke gidan da na kama, sai ruwan shayi ya tafasa, na ajiye ta a tebur na tashi. Hoton kogon ne a fuskarta, wani jan sa mai dogayen ƙahoni.

Da na dawo na tarar ya sa tabarau ya ɗauki wayar.

“Wanga ai san Bororo ne,” ya ce. “Dubi ƙahon. Wanda ya zana shi ya yi kiwo, wallahi. Kin ga yadda ya aje wuyan? Haka suke yi in sun ji ƙamshin ruwa.”

“Kai ina ka san wannan?”

“Ni? Ni da na tashi bayan shanu?”

Mun aurar da ɗa, mun ga jika, amma ban taɓa sanin mutumin nan ya yi kiwo ba. Na san shi ɗan kasuwa, shi ke nan. Ya fara ba ni labarin wata jar saniya ta mahaifinsa da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai in yana tsaye kusa, da yadda take gane tafiyarsa tun daga nesa. Ya ce akwai shekarar da ruwa ya ƙi, suka kora shanun kudu neman ciyawa, shi da yayansa. Hannunsa na yawo a iska yana nuna mini hanya. Shayi ya huce, lokacin fitata aiki ya wuce, ban motsa ba. Ya kai inda suka iso wata rijiya suka tarar ta ƙafe, saniyar ta durƙusa, sai ya katse labarin ya cire tabarau.

“Kogon nan, wace rana kika sa shi?”

“Ranar da ka ba Lyon.”

Ya jinjina kai. Ya ce zai kira ɗan baffansa ya yi masa barka ta waya, amininsa ma ya yi masa ta'aziyya ta waya, kayan kuma duk a sauke su wurin mutum ɗaya a Paris, kowa ya aiko ya karɓi nasa. Ya ce za a yi surutu a kanmu. Na ce a yi.

“To saniyar fa?” na ce. “Ta tashi?”

Ya miƙe ya ɗauki hularsa da makullin shago. A bakin ƙofa ya juyo, yana ɗan murmushi kamar mai jin kunya.

“Kar in ƙarar da shi nan, Hajiya. Ki bar mani abin da zan ce miki can.”