Karen Alhaji Dikko a Fakuwa

Har yau ban manta da ranar da mai unguwar Fakuwa ya kira ni a waya yana haki ba. Lokacin kaka ne, ina mataimakin jami'in dabbobi a Kankia, maigidana ya tafi taro Katsina.

"Likita, ka taho maza! Karen Alhaji Dikko ya yagi matar Malam Sada."

Alhaji Dikko ɗan kasuwar hatsi ne. Daga kudu ya sayo karen don gadin sitonsa, baƙi, mai faffaɗan kai, girmansa ya kusa na ɗan maraƙi. Da safiyar ranar ya tsinke sarƙa, ya tare Hajara, matar Malam Sada, tana hanyar sussuka, ya kama ta a ƙauri.

Na iske ta kwance a zaure, an cusa toka a ciwon. Na sa mata suka wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, aka ɗora ta a mota zuwa asibiti don allura. A ƙa'idar aikinmu, mutum ake fara ceta kafin a waiwayi dabba.

Ƙofar sito kuwa ta cika da maza, kowa da gora ko adda. An kulle karen a ciki, yana dukan ƙyaure, ƙarfen yana girgiza. Malam Sada, malamin Islamiyya da ba a san shi da faɗa ba, shi ne a gaba da gatari.

Na ce, "Malam, Allah ya huci zuciyarka. In ka fasa masa kai, ba mu da abin da za mu gwada, don ƙwaƙwalwa ake dubawa. Bari a tsare shi mu ga ko yana da cutar hauka."

"In ya sake fitowa fa? Ɗiyanmu nan suke wasa!"

Alhaji ya leƙo ta kan katanga. "Wanga kare na waje ne, ba ya hauka."

"Yaushe aka yi masa rigakafi, Alhaji?"

Ya janye kansa daga kan katangar. Nan fa taro ya yunƙura, wani ya ce a kawo fetur. Na jingina bayana da ƙyauren, ina jin numfashin karen a ƙafata ta ƙasan ƙofa. Malam Sada ya daɗe yana dubana, sannan ya sauke gatarin.

"Amanar Hajara tana wuyanka," in ji shi.

Na cusa maganin barci cikin nama na tura masa. Da ya kwanta muka shiga. Haƙarƙarinsa duk a waje, sarƙa ta ci masa wuya har tsutsa. Mai gadin siton ya ce Alhaji ne ya hana a ƙosar da shi, wai yunwa ke sa kare zafi.

Mun tsare shi a Kankia har wa'adi ya cika, ba hauka. Hajara ta warke, amma da ɗingishi. A gaban dagaci aka gindaya wa Alhaji sharaɗi: keji mai ƙarfi, takunkumi, rigakafi, da abinci. Ya ce ba zai yi wa kare bauta ba. Sai aka miƙa shi ga masu horar da karnuka.

Ku da kuka shigo aikin dabbobin nan, in an kira ku kan kare mai cizo, ku duba wuyansa da cikinsa. A nan za ku ga halin mai shi.