Jirgin da Frane Ya Juya

Ke Nevenka, kawo in gani. Wannan ne hoton jirgin ruwa? Kin sare masa sanda, kin matse shi a lungu kamar ɓarawo. Da yayana Frane ya ga wannan, da kin sha zagi kin ƙoshi.

Frane gurgu ne, tun yana goye ƙafarsa ta hagu ta shanye. A garinmu kuwa namiji in ba teku ya shiga ba, to fada zai zama a coci. Shi teku ta fi ƙarfinsa, bakinsa kuma bai yi kama da na fada ba. Sai ya samo akwatin hoto mai ƙafa uku, irin wanda ake lulluɓe kai da baƙin ƙyalle. Ma'aikatan jirgi su yi ta tsokanarsa, "Frane, ƙafa biyar gare ka, amma kunkuru ya fi ka sauri." Shi kuma daga cikin ƙyalle ya ce, "Kai Duje, yi ta motsi abinka. In fuskarka ta dushe, matarka ce za ta gode mini."

Ba ya ɗauka da rana tsaka. Sai da hantsi, rana na bayansa, ruwa ya kwanta kamar man zaitun a faranti, ki ga jirgi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Yakan durƙusa kan dutsen gaɓa don jirgin ya fito da girmansa. Tsuntsu ɗaya in ya sauka inda bai so ba, sai ya jira shi, ko za a kai azahar.

To, duk gidan da ke da namiji a ruwa, akwai hoton jirginsa a bango. Amma dole goshin jirgin ya kalli hagu. Daga inda Frane ke tsayawa, gari na hagu, hanyar fita teku na dama. Jirgin da ya kalli dama ba macen da za ta rataya shi, wai tafiya yake, ba dawowa ba. Fada ya yi wa'azi har ya gaji, ya ce camfi ne. Amma ko a ɗakin uwarsa hagu jirgin ke kallo.

Kakanki Jure ya samu aiki a wani jirgin dakon siminti mai suna Dobrila, su tara. Ranar da za su tashi na ce, "Yaya, ina hotona?" Ya ce, "Luce, an riga an juya jirgin, goshinsa na waje. Bari sai sun dawo." Na ce ni ba zan kwana da bango tsirara ba. Na matsa masa, ni na matsa masa, wannan ban taɓa ɓoyewa ba. Ya ɗauki kayansa ya gangara. Bayan kwana biyu ya kawo mini hoto, jirgi na kallon hagu tsaf. Matan sauran ma kowa ta karɓi nata.

Bayan sati uku, muguwar iskar hunturu ta same su a hanya. Ko hula ba a tsinta ba.

Na yi wata wajen biyar ba ni da aiki sai kallon hoton nan. Wata rana ina shara na ɗaga kai, na ga dutsen da ke tsallaken tashar jiragen ta taga, na dubi na cikin hoto. Gangarensa a waje tana dama. A hoto tana hagu. Na matsa kusa. Inda sunan jirgi ya kamata ya fito, an shafe da tawada, kamar inuwa. Ashe gilashin da ake ɗaukar hoton a kai ya kifa wajen wankewa, ya juya jirgin da hannunsa. Sunan ya fito a birkice, shi ne ya goge.

Na je na same shi yana cin kifi da burodi. Na ajiye hoton a gabansa. Bai yi musu ba. Ya ce, "So na yi ki samu barci." Na ce, "Ka tura su teku ba suna, Allah ma da me zai kira su?" Ban gaya wa sauran matan ba, da sun jefa shi ruwa da akwatinsa. Amma shekara goma sha ɗaya ban ce masa ko sannu ba. A coci ma in ya zauna nan, ni can.

Shi kuwa bai ƙara ɗaukar jirgi ba. Biki, jarirai, gawa, shi ke nan. Sai dai kullum da hantsi ana ganinsa a gaɓa, ya kafa akwatin yana kallon wurin da Dobrila ke tsayawa, ba komai sai ruwa. Ya daɗe cikin ƙyalle, sannan ya naɗe ya tafi.

Har babanki Ante ya kai sha takwas, ya samu jirgi. Garin nan ba wani mai hoto. Na tsaya a ƙofar Frane na ce, "Ante zai tafi Laraba." Ya ɗago, duk ya yi furfura. Ya ce, "Ina jirgin ke kallo?" Na ce, "Waje." Ya ce, "To ba da ni ba."

Na hau jirgin nan da ƙafata na sami kyaftin, wani ƙato mutumin Rijeka. Ya yi dariya ya ce, "Inna, jirgi ne fa, ba jaki ba." Na zauna kan igiyarsa na ce to ya tashi da ni. Sai da suka juya shi, suna zagina a ciki-ciki. Frane ya durƙusa, ni na riƙe masa ƙafar akwatin.

Ante ya yi shekara talatin da huɗu a ruwa, a gadonsa ya mutu, kin sani.

Daga ranar na koma kai wa Frane miya. Kullum in zan fita sai ya bi ni da ido. Na san abin da yake jira, in ce masa ba laifinsa ba ne. Sau nawa na buɗe baki. Ban faɗa ba, har aka rufe shi. Ba ƙeta ba ce, 'yar nan. Ni ce har yau ban sani ba.