Ruwan Kawu a Sabon Allo

Bana ma ruwa ya ɗauke, geron garinmu Kurawa ya fara naɗe ganye, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya. Shi ya sa na ciro tsohuwar kwamfutar Kawu daga ƙarƙashin gado, irin wadda ake jonawa da talabijin.

A shekarun babban fari, idan la'asar ta yi, yakan tara mu a shagonsa na gyaran rediyo a Sabon Birni, shagon da kullum ke warin ƙonanniyar dalma. Sai ya lashi yatsa ya murɗa wayar eriya, ya danna kaset, na'urar ta yi ta ƙugi. Can fararen layuka su fara zubowa a gilashi, saf-saf. Ruwan sama ne da ya zana da hannunsa.

"Ku duba da kyau," in ji shi, "kar ku mance kamatai."

Talabijin ɗina na yanzu falle ne kamar faranti, kuma ya ƙi karɓar wayar Kawu. Na kwashe su na kai garin Isa, wurin mai gyara. Ya juya wayar ya ce, "Wagga ta girme ni, amma za ni gwadawa."

Ya haɗa su da wani ɗan akwati. Allon ya yi shuɗi, ya yi rawa, ya mutu, ya dawo. Sannan ruwan ya sauko, ba kala, yana karkarwa. Na leƙa waje, rana tana nan tar.

Allah Ya jiƙa makwancinka da ruwan rahama, Kawu. Abin da ya ragu, Ya koro mana shi Kurawa.